Muhawara: Wai zaɓen MCE ne zai gyara Zango?

Shamsu: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya a shirina na dare na faɗi wata magana har yanzu wayata ba ta huta ba, to bari in kawo ta gaban manya. Cewa na yi matsalar Asokore Mampong ta nan Kumasi da ta duk sauran asambili, wato ƙananan hukumomi, na ƙasar nan Ghana guda ɗaya ce, ba mu muke zaɓen MCE ba, wato shugaban asambilin birni. Shugaban ƙasa yana zaune a Ankara (Accra) ya aiko da suna, shi kenan an yi mana shugaba. Mutumin da ba kai ka ba shi aiki ba ta ina zai ji tsoronka? Ranar da aka fara zaɓen MCE da DCE, wato shugaban asambilin gunduma, da ƙuri'ar talaka wlh cikin shekara huɗu kwatocin Aboabo da Sawaba za su gyaru. A kan wannan nake tsaye.

Alhaji Mumuni: Wa alaikumus salam. To Shamsu ya jefo ta. Sharaɗin dai kun san shi, ba zagi, ba tura hoton ɗan takara, kuma duk wanda zai kawo lamba ya tabbata zai iya kare ta.

Hajiya Rabi: Shamsu ƙanina na saurari shirin. Wanda ya kira yana ce maka kai kaɗai ne mai gaskiya a Kumasi na san muryarsa, kowane gidan rediyo yana kira tun daga asuba, kada ya fasa maka kai. Amma ina tare da kai har rabin hanya. Abin da sashe na 243 na tsarin mulkin 1992 ya ce shi ne shugaban ƙasa ya kawo suna, sai kashi biyu cikin uku na 'yan asambili da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a sun yarda. A takarda abin da kyau. To amma kar ka manta cikin asambilin nan akwai waɗanda shi shugaban ƙasan ne ya naɗa su, har zuwa kashi 30 cikin ɗari. Ka lissafa da kanka, in waɗannan duk suka ce e, abin da ya rage masa ya samu rabin zaɓaɓɓun da ɗan ɗoriya, ya wuce.

Hajiya Rabi: Kuma duk wanda ya taɓa ɗauko rahoton ranar tabbatarwa ya san yadda take. A wata asambili da ba zan faɗi sunanta ba, tun daren jajibiri aka kwashe asambiliman aka kai su otal, da safe aka kawo su cikin bas guda kamar 'yan makaranta. Ministan yanki yana zaune a layin gaba yana kallon kowa a ido, manyan jam'iyya a bayansa, 'yan sanda a bakin ƙofa, matasa a waje da ganguna tun ba a fara ba. Wasu in sun dangwala sai su ɗan karkata takardar yadda na gaba zai gani kafin su ninke. Wannan ba zaɓe ba ne, na yarda da kai. Inda muka rabu shi ne maganar shekara huɗu kwata ta gyaru.

Awudu Ankara: Kun tuna bidiyon nan na 2021, wani da aka kawo sunansa a nan yankin Asante asambili ta ƙi shi, ya tsaya a fili yana cewa a mayar masa da kuɗinsa? Ai tun ranar magana ta ƙare a kan ko ana ba da wani abu ko ba a bayarwa.

Shamsu: Yauwa Yaya Awudu. To Hajiya ke da bakinki kin gama min aiki.

Nura: Ba ta gama ba Shamsu, tsaya. Ni na zauna Kano ina aiko muku da rahoto daga can, abin da kake roƙo can sun daɗe da shi. Ƙananan hukumomi 774 a Najeriya, tsarin mulkinsu ya ce zaɓensu za a yi. Ana kuwa zaɓen. A Janairun 2021 aka yi na Kano, APC ce ke mulkin jiha, ta cinye ciyaman 44 cikin 44. A Oktoban 2024 aka sake, lokacin NNPP ce ke riƙe da jiha, ita ma ta cinye 44 cikin 44. Mutanen nan dai su ne, ba a canza su ba. Hukumar zaɓen ta jiha ce, gwamna ke naɗa ta. To ka gaya min ciyaman ɗin da ya hau ta wannan hanya wa yake tsoro, mai shayi na bakin titi ko gwamna?

Shamsu: Nura wannan ai laifin hukumar zaɓen jiha ne. Mu nan ba mu da ita, hukumar zaɓe ta EC guda ce a ƙasa duka, ita ta yi zaɓen da Mahama ya faɗi a 2016 yana kan kujera, ita ta yi na 2024 da jam'iyyar NPP ta faɗi tana kan kujera. Kada ka ɗauko ciwon Kano ka ɗora mana.

Nura: Na karɓi wannan, EC ɗinmu ba ɗaya take da tasu ba. Amma ba nan kaɗai maganar take ba, kuɗi nake nufi. A can kuɗin ƙaramar hukuma yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamna ya tsakura ya ba su, har sai da gwamnatin tarayya ta kai jihohi 36 ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi. Shekara 25 da dawowar mulkin farar hula kafin a faɗi wannan. Kenan ana iya zaɓen mutum amma a riƙe masa aljihu. Mu nan aljihun a hannun wa yake?

Awudu Ankara: A hannun Ma'aikatar Kuɗi mana. Bari in ɗan tsaya a nan don wannan ne nake bi a majalisa. Sashe na 252 ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba a zuba a asusun da ake kira Komon Fan, a raba wa asambili, kuma a biya duk wata uku. Asambili 261 ke jiran wannan kashi biyar ɗin. Kafin ya iso ana cire na wannan shiri da na wancan tun daga Ankara, ana sayo musu kaya a cire kuɗin ba tare da sun ce suna so ba, 'yan majalisa su ma suna da nasu kason a ciki. Sannan biyan duk wata ukun nan kowa ya san labarinsa, gwamnatin jam'iyyar NDC ta yi jinkiri, NPP ta yi jinkiri, sai ka ji ana biyan na bara a tsakiyar bana. Har sai da wasu 'yan majalisa biyu suka je Kotun Ƙoli a kan rage kuɗin da aka yi, a 2019 kotu ta ba su gaskiya. Gwamnatin yanzu ta ce kashi 80 na Komon Fan zai riƙa zuwa asambili kai tsaye, mun ji, muna kallo. To Shamsu ka ɗauka an zaɓi MCE ɗan NDC a Asokore Mampong lokacin da NPP ke mulki, ko an zaɓi magajin gari ɗan NPP a KMA, asambilin birnin Kumasi, yanzu da NDC ke mulki. Kana ganin cek ɗinsa zai riƙa fitowa da wuri?

Shamsu: In bai fito ba sai ya hau rediyo ya faɗa wa jama'a an hana shi. Wannan shi ne bambancin Yaya. MCE na yanzu in an hana shi kuɗi shiru zai yi, don wanda ya hana shi shi ne ya naɗa shi kuma zai iya cire shi da takarda guda ba sai ya ba da dalili ba. Zaɓaɓɓe yana da baki. Na naɗi ba shi da shi.

Hajiya Rabi: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Ban taɓa jin MCE mai ci ya fito ya ce Komon Fan ya makara ba, sai dai ya ja ka gefe ya ce kashe rikoda.

Zulai: Ni ƙaramar cikinku ce amma in tambaya. Wai ba a taɓa yunƙurin canza abin ba ne? Na ji ana maganar rafarandam na 2019 amma lokacin ina makaranta.

Awudu Ankara: An yi Zulai. Akufo-Addo ya yi alkawari a kamfen na 2016. Abu biyu aka so gyarawa. Na farko sashe na 243(1), a cire naɗi a sa zaɓe, wannan majalisa kaɗai ta isa in an samu kashi biyu cikin uku. Na biyu sashe na 55(3) wanda ya hana jam'iyyu tsayar da ɗan takara a zaɓen asambili, shi kuma sai da ƙuri'ar raba gardama, kashi 40 na masu rajista su fito, kashi 75 na waɗanda suka fito su ce e. An sa ranar 17 ga Disamban 2019. NDC ta fito ta ce a kaɗa a'a, shugabancin majalisar sarakuna ta ƙasa ma ya fitar da takarda yana cewa a'a ko da yake wasu sarakunan sun ce ba da yawunsu ba. A ranar 1 ga Disamba shugaban ƙasa ya yi jawabi ya soke abin, ya ce babu haɗin kai. Abin da har yau yake min ciwo, da ya janye na 55(3) sai ya haɗa da na 243(1) ya janye duka. Alhali kusan kowa ya yarda da zaɓen, rigimar a kan shigowar jam'iyya ce kawai.

Alhaji Mumuni: Awudu ka faɗi ɓangaren NPP ma don adalci. Hujjarsu ita ce zaɓen da ba jam'iyya yaudarar kai ne, tunda ko asambiliman na unguwa kowa ya san launin rigarsa.

Awudu Ankara: Haka ne Alhaji, kuma ba ƙarya suka yi ba. A mazaɓar Asawase wa bai san asambiliman ɗin wane na wace jam'iyya ba ne? Fosta ce kawai ba ta da lemar NDC ko giwar NPP.

Baba Tanko: Salamu alaikum. Na karanta duka, yara kun yi ƙoƙari. Shamsu ɗana, ni ba tare nake da kai ba, kuma ba don dalilin Nura ko na Awudu ba. Kuna ta maganar kuɗi, ba wanda ya tambayi ina ɗan Zango zai tsaya in aka koma ƙirga kai. Asokore Mampong da aka yanke daga KMA a 2012 ita ce muke da yawa, nan za mu iya cin zaɓe. To sauran fa? Zangon Ejisu, zangon Obuasi, na Konongo, na Mampong, na Bekwai, a duk waɗannan mu 'yan tsiraru ne. Yau shugaban ƙasa yana duba taswira ya ce a nan bari in sa Musulmi, a nan bari in sa mace, don yana neman ƙuri'ar ƙasa duka kuma ya san Zango tana ko'ina. Ranar da aka koma zaɓe, mai neman DCE a garin da Zango take kashi kaɗan ba ya buƙatarmu. Zai ma iya cin zaɓe da cewa zai tashi baƙi daga bakin kasuwa.

Shamsu: Baba da girmanka, ai mu ba baƙi ba ne. Kakana a Kumasi aka haife shi.

Baba Tanko: Ni ka ke gaya wa? Nawa kakan ma a nan aka binne shi. Amma ka karanta abin da ya faru. A 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a garin nan ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, abin da suke nema shi ne tarayya, kowane yanki ya riƙe ikonsa da kuɗin kokonsa. Jam'iyyar Musulmi ta MAP wadda ƙarfinta yake a Zango ta bi su. Zango ta rabu biyu, wasu CPP ta Nkrumah wasu MAP, aka yi ta fasa kawuna a unguwannin nan da kuke zaune. Da aka samu 'yanci a 1957 Nkrumah ya kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, suna cewa su 'yan ƙasa ne, magana tana kotu aka yi doka ta musamman a majalisa don a fitar da su. A shekarar aka hana jam'iyyar addini ko ta ƙabila ko ta yanki. Majalisun yankuna da tsarin mulkin 1957 ya tanada ba su yi nisa ba aka rushe su. Shekara 12 bayan haka su kuma magadan NLM da suka hau mulki ƙarƙashin Busia suka kawo dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, aka ba mutane mako biyu. Ina yaro na ga maƙwabtanmu suna sayar da gado da tukwane a bakin hanya a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, ana loda su a manyan motoci. Ɓangaren nan ya taɓa mu, wancan ma ya taɓa mu. Shi ya sa duk lokacin da na ji ana cewa a mayar da iko gida, sai in tambaya gidan wa.

Nura: Baba wannan maganar ta yi nauyi. Kuma a Najeriya akwai misalinta, Jos ta Arewa. Zaɓen ƙaramar hukuma ne a Nuwamban 2008 ya tayar da rikicin da ɗaruruwa suka mutu, kan dai wannan magana ta ɗan ƙasa da baƙo.

Hajiya Rabi: Baba Allah ya ƙara girma, amma zan ɗan ja da kai. Naɗin da kake karewa me ya ba mu? Ka ce ana sa mace, to a 2021 cikin sunaye 260 da aka fitar mata ba su kai 40 ba. Ka ce ana tuna Zango, to an kafa mana ma'aikata guda a 2017, ma'aikatar raya Zango da tsakiyar birane, aka yi dokar asusun raya Zango a shekarar, a 2021 aka rufe ma'aikatar da sanarwa guda ba wanda ya tambaye mu. An yi filayen ƙwallo, an yi wasu azuzuwa da fitilun titi, ban ce ba a yi komai ba. Amma abin da aka ba ka don alheri ana iya karɓewa ranar da aka ga dama. Ni gara 'yan tsirarun ƙuri'unmu a Konongo su zama abin da mai takara zai zo ya durƙusa ya nema, don a zaɓen da ake cin sa da ƙuri'a ɗari biyar Zango ce ke raba gardama.

Baba Tanko: In zaɓen ya yi kusa kenan. A yawancin Asante ba ya yin kusa, Rabi. Wanda ya ci firamaren NPP ya gama. Kenan deliget ɗari kaɗan ne za su zaɓa mana DCE maimakon shugaban ƙasa, kuma kin fi ni sanin yadda ake sayen deliget.

Shamsu: To shi ya sa ni nake cewa a yi shi ba jam'iyya.

Awudu Ankara: Ka dawo inda aka tsaya a 2019 kenan hhh. Kuma ka duba zaɓen asambili da muke yi yanzu ba jam'iyya, na Disamban 2019 da na Disamban 2023, mutanen da suka fito ba su kai rabin masu rajista ba, nesa ma da rabi. Ranar zaɓen shugaban ƙasa layi tun asuba, ranar na asambili ma'aikatan EC suna gyangyaɗi a ƙarƙashin rumfa.

Shamsu: Don mutane sun san asambiliman ba shi da komai a hannu ne Yaya. Ko albashi ba shi da shi tsawon shekaru sai alawus na zama, shi ne mai zuwa suna da jana'iza da belin yara a ofishin 'yan sanda. Ka sa kujerar MCE a kan takardar ka ga ko ba za a fito ba.

Alhaji Mumuni: Akwai wani abu da ba ku taɓo ba kuma a Kumasi muke. A taɓa shi da ladabi. Kojo Bonsu shugaban ƙasa ne ya naɗa shi magajin gari, amma a Yulin 2016 da ya samu saɓani da sarakunan Asanteman ajiye aiki ya yi. Kenan a garin nan ba Ankara kaɗai ke da magana ba. Filaye a hannun sarauta suke, Zango kanta a kan ƙasar da aka ba kakanninmu take. Zaɓaɓɓen magajin gari zai iya ce wa fadar Sarkin Asante ta Manhyia a'a don yana da ƙuri'a? Ni ban ga alama ba, kuma ban tabbata ina so in gani ba.

Nura: Alhaji a Kano ai an ga ɗaya gefen. Ganduje ya raba masarauta gida biyar a 2019, ya sauke Sarki Sanusi a Maris na 2020, Abba Kabir Yusuf ya zo ya rushe dokar ya mayar da shi a Mayun 2024, aka wayi gari mutum biyu kowa yana cewa shi ne sarki. Wannan aikin zaɓaɓɓen gwamna ne mai majalisarsa da kasafinsa da rigar kariya. Masu cewa Ghana ta koma tsarin jihohi su kalli wannan.

Shamsu: Ni ban ce a kawo gwamnoni ba fa Nura, kada ka sa min magana a baki. Yankuna 16 da ministocinsu su zauna yadda suke. MCE kawai na ce.

Zulai: In ce wani abu ko da zai yi ɗaci? Ni ina ganin ko an zaɓa ko an naɗa, mu 'yan jarida ba mu shirya ba. Watan jiya edita ya aike ni wata asambili in nemo kasafin shekara da takardar da suke tsayar da kuɗin tikitin kasuwa da lasisin shago. Na zata za a kore ni. Jami'in kasafin ya kalle ni ya yi dariya ya ce tun da ya zo wurin ba ɗan jaridar da ya taɓa tambayarsa wannan, ya miƙe ya nuna min allon sanarwa a baranda, takardar tana manne a jiki rana ta cinye rubutun shafin farko, ƙusa ta yi tsatsa. Na tsaya na ɗauki hoton shafi shafi da waya. A ciki na ga an ware kuɗin kwashe kwata a wata unguwa da na sani, na je unguwar, matan da ke soya ƙosai a bakin kwatar suka ce rabon da su ga mai shebur tun kafin azumi. Wannan labari ne guda, kuma ba wanda ya ɓoye shi, a baranda yake. Amma ranar da MCE zai raba buhun shinkafa mu goma sha muke zuwa da kamara, a gama a tsaya layin soli, kuɗin da ake miƙa wa 'yan jarida.

Hajiya Rabi: Zulai 'yata kin taɓo inda yake ciwo.

Awudu Ankara: Kuma ga dokar neman bayani tun 2019, ga rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa da yake fitowa a kan Komon Fan asambili bayan asambili, da sunan aikin da aka biya ba a yi ba da wanda aka fara aka watsar. Mu nawa ne a nan muka taɓa buɗe shafin Asante a ciki muka karanta a rediyo da Hausa? Ina tambaya ne kawai.

Shamsu: To ai wannan ba ya rushe maganata, ƙarfafa ta yake. Ki ɗauka Zulai kin karanta labarin kwatar nan a rediyo, matan ƙosai sun ji, ransu ya ɓaci. Sai su yi yaya? Ba su da ranar da za su rama. Sai dai su jira zaɓen shugaban ƙasa su huce a kan wanda bai ma san unguwar ba, ko su huce a kan ɗan majalisa wanda aikinsa doka ne ba kwata ba. Shi ya sa kowane MP a ƙasar nan ya koma ɗan kwangila. Rahoto ba ya cizo in ba ƙuri'a a bayansa.

Zulai: Yaya Shamsu ya ciza fa. Kwana uku da muka saka labarin aka turo aboboya biyu, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da samari da shebur. Ba don tsoron matan ba, don tsoron kada maganar ta kai Ankara a ce yana ɓata wa jam'iyya suna. Na naɗi ma yana da abin tsoro, sai dai a sama yake.

Shamsu: An kwashe duka?

Zulai: Daga gada zuwa bakin masallaci. Sauran yana nan.

Baba Tanko: Wato inda mota take wucewa.

Nura: Hhhh Baba.

Hajiya Rabi: Ni dai inda na tsaya, a yi zaɓen, amma a rana guda a ɗaure hannun Ma'aikatar Kuɗi da doka yadda Komon Fan zai riƙa fita da kansa ba sai minista ya sa hannu ba, kuma a rage kashi 30 ɗin nan ko a mayar da shi kujerun mata da nakasassu da 'yan tsiraru a rubuce, don tsoron Baba ba na banza ba ne. In ba a yi waɗannan ba Shamsu, za ka samu MCE mai baki da ba shi da ko sidi, shekara huɗu yana kuka a shirinka.

Baba Tanko: A rubuce a ina Rabi? Tsarin mulkin da ya hana a ambaci ƙabila da addini a siyasa shi zai rubuta kujerar Zango? Ba za a yi ba. Tun dokar gwamnatin soja ta PNDC ta 1988 da Rawlings ya kafa gundumomi 110 ake cewa kason naɗin na sarakuna ne da masana da waɗanda ba su da murya. Ku je ku duba waɗanda ake sawa, sakataren jam'iyya ne da oganaiza.

Hajiya Rabi: To Baba ka ga kai ma ka kushe naɗin.

Baba Tanko: Na kushe shi mana. Cewa na yi na fi sanin sharrinsa.

Awudu Ankara: Bari in ƙara abu guda kafin Alhaji ya kore mu. Shamsu kana ta harbin shugaban ƙasa, amma waɗanda ba sa son abin nan da gaske suna cikin majalisa, ɓangare biyun. A wuri irin Asawase inda mazaɓa da asambili kusan iyakarsu guda, zaɓaɓɓen MCE zai zama mutum mai ƙuri'a daidai da ta MP, ga shi da kasafi da motoci da ma'aikata. Wane MP ne zai ɗaga hannu ya haifa wa kansa wannan? Kujeru 276 ne yanzu, ana buƙatar 184, kuma NDC da ta ce tana son zaɓen ba tare da jam'iyya ba tana da kujerun da suka kai nan ko suka yi kusa. Mahama ya kafa kwamitin duba tsarin mulki ƙarƙashin Farfesa Kwasi Prempeh tun Janairun 2025. Gyaran 243(1) ba ya buƙatar rafarandam, a buga shi a gazet sau biyu, a kai Majalisar Ƙasa, wato ta mashawartan shugaban ƙasa, ta ba da shawara, a kaɗa. Duk MP da ya zo shirinku ku tambaye shi e ko a'a, kada ku bar shi ya ce ana duba lamarin.

Shamsu: Wannan na ɗauka. Amma maganata tana nan, zaɓen ne farko, sauran su biyo baya.

Nura: Kuɗin ne farko.

Alhaji Mumuni: Zulai turo hotunan takardar nan cikin gidan nan, duka shafukan, ina so in ga nawa suka sa wa tikitin masu tebur bana. Awudu kai kuma nemo mana shafin Asante na rahoton mai binciken kuɗi, na shekarar da ta fi kusa.

Zulai: To Alhaji, shafi na huɗu bai fito sosai ba, gobe in na wuce zan sake ɗauka.